Hoton ƙirji da bibiyar maganin shaƙa ga yaro mai asma

Hoton ƙirji na eksire ba ya nuna ko maganin shaƙa na sitiroyid, irin su beclometasone ko budesonide, yana aiki. Kumburin asma a cikin ƙananan hanyoyin iska yake, shi ya sa yaro zai kwana yana tari amma hotonsa ya fito tas.

A dawo da yaro wata 1 zuwa 3 bayan fara magani, a tambayi yadda makonni 4 da suka wuce suka kasance. Numfashi na sarƙe masa da rana fiye da sau 2 a mako? Yana farkawa da dare? Yana bukatar salbutamol, maganin shaƙa mai buɗe hanyoyin iska nan take, fiye da sau 2 a mako? Ya rage wasa? Daga shekara 5 ko 6 ana iya auna ƙarfin hurawarsa da na'ura. A auna tsayinsa aƙalla sau ɗaya a shekara, domin maganin kan ɗan rage saurin girma.

Idan ba sauƙi, kafin a ƙara magani a sa shi ya shaƙa a gaban ma'aikacin lafiya. Nan matsalar ta fi ɓuya. A girgiza inhela, wato 'yar na'urar da ke fesa maganin, a haɗa ta da bututun shaƙa da ake sa wa tsakaninta da baki, a danna sau ɗaya, ya yi numfashi 5, sannan a sake. Idan aka danna biyu a tare, maganin kan manne a jikin bututun. Ya kuskure baki bayan ya gama. A kuma tambayi hayaƙin icce a gida da ƙurar hunturu.

Hoto yana da amfani ne idan ana zargin wani abu daban: zazzaɓi da saurin numfashi, ƙarar numfashi a ɓangare ɗaya kaɗai (yaro ƙarami na iya shaƙe ƙwayar gyada), ciwon ƙirji farat ɗaya, ko rama da tari mai tsawo da ke sa a yi tunanin tarin fuka.

Hoton CT, wanda ke ɗaukar cikin jiki dalla-dalla, yana nuna kaurin bangon hanyoyin iska da iskar da ta maƙale, amma haskensa mai iya cutar da jiki ya ninka na eksire sau da yawa, don haka sai ƙwararren likita ya ga dole. Idan asma ta lafa wata 3, likita na iya rage maganin da kashi 25 zuwa 50 cikin 100, ba tare da wani hoto ba.