Kurakuran da aka fi yi wajen gane tsohon fayil ta hatiminsa

Makon jiya wata hajiya ta kawo mana filashi ɗauke da fayilolin marigayi mijinta, waɗanda aka kwaso daga tsohuwar kwamfutarsa. Yaron da ke koyon aiki a wurina ya ga da yawansu sun ƙi buɗuwa, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana canza musu wutsiyar suna zuwa .doc. Da na tambaye shi dalili, ya ce ai Hajiya ta ce takardu ne. Shi ne na uku da ya yi mini irin wannan a bana, kuma na gaji da maimaita magana ɗaya da baki, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kowane fayil jerin bayit ne, wato ƙananan lambobin da kwamfuta ke ajiye bayanai da su, kuma yawancin manhajoji suna buga wa fayil ɗinsu wasu 'yan bayit na musamman a farkonsa. Su nake kira hatimi. Idan ka buɗe fayil da manhajar duba heks, wato mai nuna maka bayit ɗin fayil ɗaya-ɗaya, irin HxD a Windows ko umarnin xxd a Linux, za ka ga lambobi bibbiyu a hagu, haruffan da suka yi daidai da su a dama. Hoton JPEG yana farawa da FF D8 FF. PDF yana farawa da %PDF. Hoton GIF ma har shekararsa yake faɗa, GIF87a ko GIF89a. Fayil ɗin ZIP yana farawa da PK, farkon haruffan sunan Phil Katz wanda ya fito da PKZIP a 1989, shirin DOS (tsarin kwamfuta na kafin Windows) kuma da MZ, daga sunan Mark Zbikowski na Microsoft. Duba wannan ba ya cin minti ɗaya, amma mutane sun fi son su yi ta canki-canka.

Kuskuren farko shi ne yarda da wutsiyar suna. A zamanin DOS haruffa takwas kawai ake ba ka na suna da uku na wutsiya, don haka masu buga takardu suna cin moriyar ukun nan yadda suka ga dama: .LET ga wasiƙa, .001 ga babi na ɗaya, wani ma farkon haruffan sunansa yake sawa. Ita kanta .doc ba mallakin Word ba ce a lokacin. Na ga .doc da ya zama WordPerfect, na ga wanda rubutu ne zalla, na ga wanda da ka leƙa cikinsa sai ka tarar da {\rtf1, wato RTF, wani tsarin ajiye rubutu daban. Canza wutsiya ba ya canza bayit ko ɗaya a cikin fayil. Abin da kawai yake yi shi ne ya goge 'yar shaidar da ta rage ta sunan da mai shi ya ba shi.

Amma wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da wanda ya taɓa cin amanata, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Shekarun baya, ina sabon hannu, wani dattijo malamin makaranta mai ritaya ya zo da faifan fulofi guda ɗaya a cikin ambulan. Ya ce, "Ɗana, littafin da na yi shekaru ina rubutawa ne a kan tarihin garinmu, ka fitar mini da shi in ba jikokina." Na ce, "Baba, kada ka damu, yanzu-yanzu." Fayilolin duk .DOC ne. Na danna na farko, Word ya tambaye ni da wane irin rubutu zai karanta shi, na zaɓi abin da ya fara zuwa. Rubutun ya fito, amma cakuɗe da alamomi barkatai, akwatuna da haruffan da ba na kowane yare ba. Na ɗauka fulofin ne ya fara lalacewa. Na zauna na yi ta share tarkacen nan da hannu, shafi bayan shafi, ina ganin alheri nake yi. Da na gama babi sai in danna adanawa, a kan fulofin, a kan ainihin fayil ɗin. Babi huɗu na yi wa haka kafin wani da ya girme ni a aikin ya leƙo, ya buɗe babi na biyar da heks, ya nuna mini bayit huɗun farko: FF 57 50 43. Wato wata alama sannan WPC. WordPerfect ne, 5.1, wanda ya fito a 1989. Babu abin da ya sami fulofin. Abin da nake kira tarkace umarnin tsarin rubutu ne, kuma a cikinsa bayanan ƙasan shafi suke, inda Baba ya rubuta wa ya faɗa masa kowane labari da ranar da suka yi hira. Yawancin mutanen nan sun rasu. Sauran babukan sun fito tsaf da manhajar da ta dace, huɗun farko kuwa na kashe su da hannuna. Da na gaya masa bai yi faɗa ba. Ya yi shiru, ya ce, "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri," ya ɗauki ambulan ɗinsa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Don haka ku saurara, ku masu koyo. Ba a aiki a kan asali. Ba a buɗe shi da Word, ba a canza masa suna, ba a cewa "bari in gwada kawai". Fulofi mai inci uku da rabi yana da ɗan makulli a kusurwa, idan ka ture shi ramin ya buɗe, ba abin da zai rubutu a kai. Wannan nake fara yi tun kafin faifan ya shiga kwamfuta. Sannan in kwafe komai zuwa jaka biyu: ɗaya na sa mata suna "asali", ba na sake taɓa ta, ɗayar kuma a kanta nake duk gwaje-gwajena. Wasu suna cewa kwafi ɗaya ya isa. Ni biyu nake yi, domin na san hannu yana riga tunani. Kuma ba na danna tsohon fayil sau biyu sai na ga bayit ɗinsa na farko da idona. Wanda ya ce ba shi da lokacin wannan, to ba shi da lokacin wannan sana'a, ya nemi wata.

Kuskure na biyu mai tsada shi ne na waɗanda suka fara koyon hatimi, suka haddace guda biyar, suka ɗauka sun gama. Mutum ya ga D0 CF 11 E0 A1 B1 1A E1 sai ya ce Word ne. Kama da wane ba ta wane. Wannan hatimin buhu ne, ba na abin da ke cikin buhun ba. Microsoft ta ƙera wani tsari wanda fayil guda yake ɗauke da ƙananan sassa a cikinsa kamar jaka, kuma da shi Word da Excel da PowerPoint na 97 zuwa 2003 suke aiki, da Publisher, da saƙon Outlook, da fayil ɗin saka manhaja mai wutsiyar .msi, har da ɗan Thumbs.db da tsohon Windows ke yarwa a jakar hotuna. PageMaker 6.5 da 7, wanda maɗaba'unmu suka daɗe suna tsara littattafai da katin biki da shi, shi ma a wannan buhun yake zuwa. Na taɓa ɓata kwana biyu cur ina neman dalilin da ya sa "takardun Word" na wani mai ɗab'i suka ƙi buɗuwa, har na gaya masa sun lalace, ya tafi ya biya aka sake buga masa littafi sukutum daga takarda. Bayan wata guda na gane PageMaker ne. Kuɗin da ya kashe laifina ne, kuma na mayar masa da abin da na iya.

Maganin da na saba da shi: in buɗe kwafin da 7-Zip, manhajar kwance fayilolin ZIP da makamantansu, domin yana nuna sassan da ke cikin buhun. Idan na ga WordDocument, Word ne. Idan Workbook ne, Excel 97 zuwa sama. Idan Book ne kawai, Excel 5 ko 95. PowerPoint Document ya bayyana kansa, PageMaker ma sunansa yake sa wa sashensa.

Haka abin yake da PK. Tun daga Office 2007, .docx da .xlsx duk ZIP ne, haka takardun LibreOffice da littafin EPUB. Ka buɗe ka ga ko akwai jaka mai suna word ko xl a ciki. RIFF ma buhu ne: ka tsallake bayit takwas na farko zuwa gurbi na 8, nan za ka ga WAVE idan sauti ne, AVI idan bidiyo ne, CDR idan tsohon zanen CorelDRAW ne. Shi kansa WPC ɗin da ya kunyata ni ba takarda kaɗai ke ɗauke da shi ba, hotunan WPG ma da shi suke farawa. Bayit na gurbi na 9 ne ke rarrabewa, 0A takarda, 16 hoto. Kuma MZ ba kullum shiri ba ne zalla, wani ZIP ne mai kwance kansa. Kada ka kunna shi don ka gani, tsofaffin faifai matattarar ƙwayar cutar kwamfuta ce. Ba shi 7-Zip.

Akwai masu duba layin farko kawai, idan ba su ga komai ba su ce fayil ɗin wofi ne. Hoton faifan CD mai wutsiyar .iso yakan fara da sifili masu yawa, hatiminsa CD001 yana can gurbi na 32769. Na TAR, fayil mai ƙunshe wasu fayiloli, ustar, yana gurbi na 257. Na Access, manhajar rumbun bayanai ta Microsoft, Standard Jet DB, yana gurbi na 4. Kuma ƙidayar gurbi daga sifili take farawa, ba daga ɗaya ba. Wannan kaɗai ya rikita yara da yawa.

Gajeren hatimi ba hujja ba ne. BM na hoton BMP bayit biyu ne, kowane rubutu da ya fara da waɗannan haruffa zai yi kama da shi. Na dBASE III, wata tsohuwar manhajar rumbun bayanai, ma bayit ɗaya ne, 03, sai ka duba ko ukun da ke biye sun yi kama da shekara da wata da rana kafin ka yarda.

Wasu kuma ba su da hatimi ko kaɗan, kamar WordPerfect 4.2 da tsohon WordStar. Shi WordStar ana gane shi da wata ɗabi'a: harafin ƙarshe na kusan kowace kalma yana fitowa a gurɓace, saboda yana sauya lambar bayit ɗin wannan harafin don yi wa ƙarshen kalma alama. Idan ka ga haka kada ka ce ya lalace.

TIFF yana iya farawa da II ko MM, duk daidai ne, bambancin jerin bayit ne tsakanin injin Intel da na Motorola. Word ma ba hatimi ɗaya gare shi ba: na DOS da Write suna farawa da 31 BE, Word 2.0 na Windows da DB A5.

Fayilolin tsohon Macintosh ba su damu da wutsiya ba, nau'insu da sunan manhajar da ta yi su suna ajiye ne a wajen fayil ɗin, a haruffa hurhuɗu. Idan aka kwafo su zuwa filashi, wannan bayani yakan koma cikin wasu ƙananan fayiloli masu farawa da ɗigo da ƙaramin layi. Yara suna share su a matsayin shara. Ku bar su. Haka jakar FOUND.000 mai cike da FILE0000.CHK da 'yan uwansa: gutsattsarin da Windows ya tsinto ne bayan gyaran faifai, kuma sau da yawa hotuna ne da takardu lafiyayyu, hatiminsu na nan.

Kada a duba hatimi da Notepad, yana ɓoye wasu bayit, kuma idan hannu ya kuskure ya adana, ya ɓata fayil ɗin.

Akwai manhajojin da ke gane nau'in fayil da kansu: ina amfani da TrID, da umarnin file, da DROID wanda ke aiki da rumbun PRONOM na hukumar adana tarihi ta Birtaniya, kuma ina ba kowa shawarar ya koye su. Sai dai TrID kaso cikin ɗari yake ba ka, wato zato ne yake yi. Ɗabi'ata in tambayi biyu; idan sun saɓa, in koma heks da kaina.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu masu rubutun Hausa. Wani lokaci ka gane fayil daidai, ya buɗu, sai ka ga }asa a inda ya kamata a ce ƙasa, ha]a a inda ake nufin haɗa. Kafin Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa, ya wadata, da fon (salon haruffa) na musamman ake samar da haruffa masu ƙugiya, ana ɗora su a mazaunin wasu alamomin madannai. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, fon ɗin ne babu a kwamfutarka. Ka fara tantance wace alama ce ke tsaye a madadin wane harafi, babba da ƙarami, sannan ka musanya su a kan kwafi, kana lura da wuraren da alamar take nufin kanta.

Filashin Hajiya dai mun ci sa'a, ɗanta yana da wani kwafin a gida da sunayen asali. Na zaunar da yaron, muka bi su ɗaya-ɗaya. Wasu WordPerfect ne, wasu suna farawa da 00 00 02 00 06 04, wato lissafin Lotus 1-2-3, inda marigayin ya rubuta bashin da ake bin sa da wanda yake bi, abin da magada ke nema tun farko. Biyu kuma da yaron ya mayar .doc sun fara da FF D8 FF. Da muka buɗe, hotunan ranar sunan babbar 'yarsu ne. Hajiya ta daɗe tana kallon allon kafin ta ce a wanke mata su guda uku-uku.