Yadda Ake Haɗa Kayan Fatsa Don Kamun Kifi a Bakin Tekun Jidda

Wanda ya saba jefa fatsa a kogi ko dam a gida, in ya zo Bahar Maliya sai ya sake lale. Ƙasan ruwan nan galibi dutsen murjani ne mai kaifi kamar reza, ga gishiri da ya kai wajen giram 40 a kowace lita. Da waɗannan biyun za ka auna duk abin da za ka saya.

Fara da sanda. Idan daga kan duwatsun Kornish (titin bakin tekun Jidda) ko Ubhur (arewacin birnin) za ka tsaya, nemi mai tsawon mita 3 zuwa 3.6 don jifa ya wuce bakin murjani. A kwalekwale kuwa gajeriya mai ƙarfi, ƙasa da mita 2, ta fi daɗin juyawa. Duba jikinta, an rubuta nauyin dalmar da take ɗauka, kada ka zarce shi. Na'urar naɗe zare, wadda a nan ake ce wa makina, mai lambar girma 5000 ko 6000 ta ishe ka.

Sai zare. Cika makina da saƙaƙƙen zare mai jure nauyin fam 30, amma kada ka ɗaura ƙugiya a kansa kai tsaye. Yana da ƙarfin ja, sai dai yana gogar dutse sau ɗaya ya tsinke. A bakinsa ƙulla zaren gaba na fulorokabon (zaren roba garai-garai mai jure guga), fam 50 ko 60, tsawon gaba guda. Nan ya kamata kuɗinka ya tafi, ba kan sanda mai ƙyalli ba. Hamur da najil, kifayen da ke zama cikin murjani, suna cafkar abinci su ruga rami, wannan guntun zaren ne ke shan gugar. Bayan kowane kifi bi shi da yatsa, in ka ji kaushi yanke ka sake. Na taɓa yin ƙyuya, na dawo gida da labari kawai. Idan akam ko dirak kake nema, kifaye masu kaifin haƙora, ƙara waya kamar taƙi ɗaya kafin ƙugiya.

Don sha'ur da sauran kifayen ƙasa, dalma ta zauna a can ƙarshe, ƙugiya biyu a samanta kan gajerun rassa. Dabarar ita ce ka ɗaure dalmar da siririn zare mai rauni. In ta maƙale, ita kaɗai za ta tafi, kifi da ƙugiya su dawo. Abincin ƙugiya kuwa, yanka habbar (dabbar teku mai laushin jiki da hannaye da yawa) siri-siri ka soka, ya fi jambari, wato jatan lande, daɗewa a ƙugiya, ana kuma samunsa a Bangala, kasuwar kifi ta Jidda.

Kafin ka jefa, karanta allon wurin, don ba ko'ina aka yarda da kamun kifi ba, fita da jirgi kuma sai da izinin Haras al-Hudud, wato hukumar tsaron iyaka. Kana komawa gida ɗauraye makina da zobban sanda da ruwan famfo a hankali, ka bar su su bushe a inuwa.