Yadda ake zana fuskar mutum da fastel mai maiƙo

Fastel mai maiƙo ƙaramin sandan kala ne da ake haɗawa daga garin launi da kaki da wani irin mai wanda ba ya bushewa. Kamfanin Sakura na birnin Osaka a Japan ne ya fitar da shi a 1925 da sunan Cray-Pas domin 'yan makaranta, daga baya kuma, a 1949, kamfanin Sennelier na Faransa ya yi wa shahararren mai zane Pablo Picasso irin na ƙwararru. Tun da man ba ya bushewa, abin da ka shafa a takarda ya zauna ke nan, kilina ba ta ɗauke shi, saboda haka dole kowane aiki ya zo a lokacinsa.

Ka fara da zaɓen takarda mai ɗan kaushi, irin su Canson Mi-Teintes, kuma gara mai ruwan toka ko ruwan ƙasa a kan fara fat. Takardar fotokofi ta cika santsi, shafa biyu za ka yi ta ƙi karɓar kala. Ka zaunar da wanda za ka zana kusa da taga, yadda haske zai faɗo masa ta gefe guda. Idan daga hoto za ka kwafa, ka guji wanda aka ɗauka da filasha, domin yana share duk inuwar da ke fito da siffar fuska.

Bayan haka sai awo, kuma a nan ne kama take samuwa ko ta kuɓuce. Ka yi amfani da fensir mai kala, ruwan ƙasa, a maimakon fensirin rubutu, wanda baƙinsa yake cakuɗewa da mai ya ɓata launi. Idanu suna zama ne a tsakiyar kai, wato rabin tsawon da ke tsakanin ƙoƙon kai da haɓa, amma kusan duk mai koyo yakan kai su sama da haka. Hula da ɗankwali suna ƙara rikita lissafin, don haka ka zana kan gaba ɗayansa tamkar babu komai a kansa, sa'an nan ka ɗora hular. Tazarar da ke tsakanin idanu biyu takan kai faɗin ido guda, ƙasan hanci yana rabin tsakanin gira da haɓa, kunne kuwa yakan tashi daga daidai gira ya sauka daidai ƙasan hanci. Wannan awon kowa da kowa ne. Abin da zai sa a kalli zanen a ce wane ne shi ne wurin da fuskarsa ta saɓa wa awon, kamar faɗin goshi ko tsinin haɓa. Ka miƙe hannu sosai da fensirin, ka rufe ido ɗaya, ka auna da babban yatsa, sa'an nan ka duba zanen a madubi, wanda ba ya ɓoye karkataccen baki.

Kafin ka taɓa kala, ka ɗan runtse idanu ka dubi fuskar har ta rabu gida uku: wurin haske, wurin inuwa, da abin da ke tsakaninsu. Ka shata iyakar kowane a hankali.

Wajen launin fata ne aka fi yin ɓarna. Sandan ruwan hoda mai haske da ake sakawa a kwali a matsayin launin fata ba shi da wani amfani ga baƙar fata ko wankan tarwaɗa, baƙin sanda kuma, a ganina, ya kamata a ajiye shi sai ƙwayar ido da ramin hanci, domin yana kashe duk launin da ya taɓa. A wurin inuwa ka shafa shuɗi mai duhu ko shunayya da sauƙin hannu, ka bi kansa da ruwan ƙasa mai ja-ja, za ka sami duhu mai rai. Tsaka-tsakin fuska yana son ruwan ƙasa da ɗan ruwan goro, kumatu da leɓe da kunne kuma suna son ƙarin ja. Idan ka lura da mutum baƙi a waje da rana, za ka ga ƙyallin goshinsa da karan hancinsa yana ɗauko shuɗin sararin sama, saboda haka shuɗi mai haske ya fi fari zalla dacewa a can. Kada ka danna hannu tun da farko. Ka sa sanduna masu tauri irin na kamfanin Pentel a ƙasa, ka bar masu taushi irin na Sennelier su zo a sama, domin mai tauri ba ya hawa kan mai taushi, sai dai ya kwashe shi.

Ana haɗa launi da yatsa, ko da takarda da aka nannaɗe ta yi tsini, ko ma da wani sandan mai haske a kan mai duhu. Sai dai yawan murzawa yana mai da fuska kamar ta 'yar tsanar roba, don haka ka murza bakin inuwar kumatu kawai, ka bar sawun sanda a sauran wurare. Idan kala ta taru har takarda ta daina karɓa, ka kankare ta da gefen reza ka sake. A lokacin bazara sandunan sukan yi laushi a hannu, minti goma a firji yakan dawo da su daidai.

Ƙananan abubuwa su ne na ƙarshe. Farin ido ba fari ba ne sosai, fatar ido tana yi masa inuwa daga sama, kuma ɗigon haske guda a ƙwayar ido ya wadatar. Gashin gira da gemu da furfura da aikin hula duk ana fito da su ta hanyar karce kalar sama da tsinken sakace har ta ƙasa ta bayyana.

Da ka gama, kada ka jingina zanen a bango haka nan, domin ƙurar hunturu tana manne masa kuma ba ta gogewa. Ka sa shi a firam mai gilashi, tare da kwali mai kauri a zagaye da gefensa, yadda gilashin ba zai taɓa kalar ba.