Yadda na gyara salular Inna da ta daina ringin

Alhamdu lillahi, Inna ta koma ganin fuskar Yaya daga Yamai. Tun da ciwon mantuwa ya kama ta, ta daina fita biki da suna a nan Maradi, kiran bidiyon nan ne ya zame mata hira. Sai ga shi Yaya tana kira ta WhatsApp, salula shiru, sai an buɗe a tarar da kiran ya wuce. Inna kuwa ta ɗauka an manta da ita.

An ce rezo ne, muka canza layi. An ce lasifika ce, mai gyara a kasuwa ya duba, lafiyarta ƙalau.

Ashe tsarin tanadin batir ne ke sa WhatsApp barci da zarar allo ya mutu. Salular da Faransanci take. Na shiga Paramètres, sai Applications, na zaɓi WhatsApp, na taɓa Batterie, na mai da shi Sans restriction. Na koma na kashe Économiseur de données, na ƙure ƙarar ringin. Aka kira daga ɗaki don gwaji, nan take ta ɗauki ƙara.

Sannan na buɗe hirar Yaya, na danna ɗigo uku na sama, Plus, Ajouter un raccourci. Hotonta ya fito a allo, na kwashe sauran gumakan, don suna ruɗa Inna. Sunan yakan ɓace mata, amma fuskar tana ganewa.

Kiran ma mun mai da shi hantsi, bayan ta sha koko, don da magariba ruɗewarta ta fi yawa. Amsawa dai har yanzu sai da wani a kusa, jawo koren maɓallin da yatsa yana ba ta wuya.