Yadda na samo bol ɗin injin niƙa a Ƙofar Ruwa

Bol ɗin da ke riƙe injin niƙanmu ya karye, masu kayan gini na unguwa kuwa duk wanda suka miƙo sai ya cije a rabin hanya. Kauri ɗaya ne, M12 (milimita 12), tiredin ne ya bambanta, wato layukan jikin bol da noti ke bi: nasu mai faɗi, tazarar milimita 1.75, namu siriri, 1.25.

Na ɗauki guntun da notinsa na nufi kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano wajen masu kayan mota, don su ke ajiye siririn tiredi. Ban tsaya dogon bayani ba, notin na riƙa murzawa da hannu a kan kowane bol har ya shige salin alin. Na duba lambar ƙarfi da ke kansa, 8.8 ce. Mara lamba ko kyauta ba na so, laushi gare shi. Na haɗo da washa mai sifirin saboda girgizar injin.