Sabar Linux ta ƙi tashi bayan an goge fayiloli: kurakuran da ke ƙara dagula lamari

A watan Janairun 2015 aka gano wani layi a manhajar Steam ta Linux mai cewa `rm -rf "$STEAMROOT/"*`. `rm -rf` umarnin goge fayiloli ne ba tambaya, `$STEAMROOT` kuma suna ne da ke riƙe da adireshin foldar Steam. Duk lokacin da wancan suna ya zo wayam, umarnin sai ya rikiɗe ya zama `rm -rf /*`, ya share duk abin da mai kwamfutar ke da ikon sharewa. A 2011 ma, tazara guda da ta shiga inda bai kamata ba a rubutun girka manhajar Bumblebee ta kwashe wa mutane `/usr` ɗungurungum. Tun 2006 `rm` na GNU ke ƙin taɓa `/`, tushen dukkan foldoji, kai tsaye, sai dai wannan kariyar ba ta kai ga `/*` ba. Abin yana faruwa da ƙwararru, ba sabbin shiga kaɗai ba. Amma galibi ba gogewar farko ce ke kashe sabar ba, abin da hannu ya yi cikin firgici bayanta ne.

Garajen sake kunnawa

Wannan shi ne babban kuskure. Mutum ya ga `ls` ta daina aiki, `sudo` ta ƙi amsawa, sai ya ce bari a kashe a kunna ko za ta dawo hayyacinta. Ba za ta dawo ba. A Linux, idan aka goge fayil alhali wata manhaja na riƙe da shi a buɗe, sunansa kawai ke ɓacewa. Abin da ke cikinsa yana nan a faifai har sai manhajar ta sake shi. Da lambar da Linux ta ba manhajar (PID), ana iya kwafo shi daga `/proc/<lamba>/fd/`, ita kanta manhajar da ke gudana kuma daga `/proc/<lamba>/exe`. Da zarar an sake kunnawa, wannan damar ta wuce.

Haka tagar SSH da ka shiga sabar da ita daga nesa. Kada ka rufe ta, domin idan `libc.so.6` ko `/etc/passwd` na cikin abin da ya tafi, ba za ka sake samun shiga ba. Bash ɗin da ke hannunka yana da umarnai na cikin jikinsa da ba sa buƙatar komai daga faifai: `echo *` zai yi maka aikin `ls`, `cd` na aiki, `read` da `printf` za su nuna maka abin da ke cikin fayil. Idan akwai busybox, manhaja guda mai ɗauke da umarnai da yawa, irin wanda aka haɗa shi da laburarensa a ciki, ka samu `cp` da `mv` da `ln`. Idan kuma MySQL ko PostgreSQL na nan da rai, sau da yawa za ka iya jawo bayanan daga wata kwamfuta da `mysqldump` ko `pg_dump`. Yi wannan kafin komai. In sabar a ofis take ba a cibiyar ajiye sabobi ba, a tabbatar akwai mai a janareta, don ɗauke wuta a wannan hali daidai yake da danna maɓallin kashewa.

Rubutu a kan faifan kafin ɗaukar kwafi

To, an riga an kashe, ta ƙi tashi. An shiga da filasha, ko da yanayin ceto irin wanda kamfanoni kamar Hetzner da OVH ke bayarwa. Kuskure na gaba shi ne a afka da `fsck -y`, umarnin duba faifai da gyara shi, ko a girka manhajar dawo da fayiloli a kan faifan da ake son ceto. Kowane rubutu na iya sauka a kan gurbin fayil ɗin da kake nema. Fara da ɗaukar hoton faifan: ko dai ta shafin kamfanin da ka yi haya, ko da `ddrescue` zuwa wani faifai. Idan leƙawa kawai za ka yi, ɗaura shi da `mount -o ro,noload` in ext4 ne, don `ro` kaɗai ba ya hana a aiwatar da abin da ke cikin kundin canje-canje. `fsck` kuwa ba a yin sa a kan ɓangaren da ke ɗaure.

A ganina ɓata lokaci ne a saki PhotoRec ko ext4magic don neman fayilolin `/usr` da `/lib`. Waɗannan suna nan birjik a intanet. Abin da ya cancanci a tona dominsa shi ne wanda babu shi a ko'ina: saitunan `/etc`, makullan sirri, da bayanan jama'a. A faifan SSD ma sai an yi sa'a, tunda TRIM, tsarin da ke wanke guraben da aka goge, na iya share gurbin tun kafin ka isa.

Rashin karanta abin da allo ya ce

Wasu duk abin da ya faru `grub-install` suke bugawa. Alhali saƙon yana faɗin inda ciwon yake. `grub rescue>` na nufin GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, bai ga fayilolinsa na `/boot/grub` ba. `VFS: Unable to mount root fs` na nuna kanel, wato zuciyar Linux, ya tashi amma bai iya kaiwa ga faifan tushe ba, yawanci saboda initramfs, ƙaramin fayil ɗin da ke taimaka masa kaiwa can, ya lalace ko babu shi. `Attempted to kill init!` kan biyo bayan rasa systemd, manhajar farko da kanel ke tayarwa, ko laburaren da yake dogaro da su. Idan kuma ta tsaya a yanayin gaggawa tana neman kalmar sirrin `root`, duba `/etc/fstab`, jerin faifan da ake ɗaurawa wajen tashi, tukuna.

Shiga chroot rabi da rabi

Chroot shi ne shiga cikin lalatacciyar sabar daga yanayin ceto don a gyara ta daga ciki. Faifan da ke kan LVM, tsarin rarraba faifai, ba zai bayyana ba sai an ce `vgchange -ay`. Na RAID, wato faifai biyu ko fiye da aka haɗa su yi aiki tare, sai `mdadm --assemble --scan`. Bayan an ɗaura tushe a `/mnt`, mutane kan manta cewa `/boot` na iya zama ɓangare dabam, haka `/boot/efi` a na'urorin UEFI. Sai a girka kanel a cikin folda da babu wanda zai karanta, a yi mamakin abin bai canja ba. Sannan dole a ɗaura `/dev` da `/proc` da `/sys` da `mount --bind`, a kwafa `/etc/resolv.conf` ciki, in ba haka ba `apt` ba zai gane sunan ko wane shafi ba.

Akwai saƙon da ke rikita mutane a nan: chroot ya ce babu `/bin/bash`, alhali ga shi kana gani da idonka. Ba bash ɗin ne ya ɓata ba, `ld-linux` ne, fayil ɗin da ke loda laburare kafin kowace manhaja ta fara aiki. Maganin shi ne a gyara daga waje: `dnf --installroot=/mnt reinstall glibc` a dangin Red Hat, ko a sauko da ƙunshin `libc6` a warware shi cikin `/mnt` a Debian da Ubuntu. Hattara wajen warwarewar. A sabbin fitowa `/lib` da `/bin` mahaɗai ne kawai masu nuni zuwa cikin `/usr`, kuma `tar` na iya maye gurbinsu da folda ta gaske, ya bar ka cikin halin da ya fi na farko muni, sai in ka ƙara masa `--keep-directory-symlink`.

Kafin `grub-install`, duba `lsblk`. Filashar da ka tashi da ita tana iya karɓe sunan `/dev/sda`.

Aro daga maƙwabciyar sabar

Hanya ce mai sauƙi a ido: ga wata sabar lafiyayya, a kwafo `/lib` da `/etc` ɗinta. Ai rigar aro ba ta cika zama daidai ba. glibc na wata fitowa zai karya manhajojin da aka gina kan wani. `/etc/fstab` na can yana ɗauke da UUID, wato lambar shaida, na faifan can. `/etc/passwd` na can na iya ba `mysql` lamba dabam, sai rumbun bayanai ya kasa buɗe fayilolinsa. Kwafi ba tare da `cp -a` ko `rsync -aHAX` ba kuma yana zubar da izini, `sudo` ta rasa alamar setuid da ke ba ta ikon `root`, ta zama hoto.

Sabar taka ta san abin da ta rasa. `dpkg --verify` ko `rpm -Va` za su lissafo maka fayilolin da suka ɓata ko suka canja, sai ka sake girka ƙunshinsu da `apt install --reinstall` ko `dnf reinstall`. Abin lura a Debian: idan fayil ɗin saiti ne a `/etc`, dpkg na ɗauka da gangan ka goge shi, ba zai dawo da shi ba sai ka ba shi `--force-confmiss`. Tsofaffin kwafin `passwd` da `shadow` suna nan a `/etc/passwd-` da `/etc/shadow-`, jerin abubuwan da aka girka kuma a `/var/backups/dpkg.status.0`. Bayan haka a sabunta initramfs da `update-initramfs -u -k all` ko `dracut -f --regenerate-all`. Inda tsarin tsaro na SELinux ke aiki, a yi `touch /.autorelabel`, in ba haka ba za ta tashi amma ta hana kowa shiga.

Kada a haɗa gyara da ɗaga fitowa a zama ɗaya. Idan tsohuwar sabar ce, misali CentOS 7 da wa'adinta ya ƙare ran 30 ga Yunin 2024, ƙunshinta suna vault.centos.org, na tsofaffin Ubuntu suna old-releases.ubuntu.com.

Nacewa kan gyaran abin da ya kamata a gina sabo

Idan `/etc` da `/var/lib/dpkg` duk sun tafi, ko kuma mai kutse ne ya yi ɓarnar, girka sabuwa ka mayar da bayanai ya fi sauri kuma ya fi aminci. A nan ne ake gane ko kwafin ajiya na aiki. RAID ba ya cikin lissafi, don gogewa na shafar faifan biyu lokaci guda. Ran 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya share foldar rumbun bayanai a sabar da ba ita ya nufa ba, aka je ɗauko ajiyar `pg_dump` aka tarar ta jima ba ta yin aiki. Hoton LVM da aka ɗauka kimanin awa shida kafin nan ne ya fitar da su, bayanan tsakani kuwa suka salwanta.

In gyaran ka zaɓa, kafin ka sake kunnawa ka ga kanel da initramfs masu lamba ɗaya a `/boot`, ka gwada `/etc/fstab` da abin da `blkid` ya nuna, ka sa `nofail` a faifan da ba dole ba ne, ka kuma buɗe allon nesa na iDRAC ko iLO ko na kamfanin haya, don ka ga saƙon farko idan ta sake tsayawa.