Yadda za ka shiga binciken sauyin gonaki da abin da yake yi wa ƙasa

Yawancin ɗaliban da ke zuwa wurina da sha'awar wannan fanni sukan fara da cewa suna son su yi bincike a kan gurgusowar hamada. Nakan ce musu wannan ya yi faɗi. Aikinmu na kwatanci ne: fili kaza saura ne a da, ko kurmi, ko burtali, yau ya koma gonar masara ko shinkafa. Me ya faru da ƙasarsa, da ruwansa, da itatuwansa? In ba ka iya faɗin sunan filin da shekarun da za ka kwatanta ba, da sauranka.

Ba dole sai ka karanta noma ba. Ilimin ƙasar noma, labarin ƙasa, gandun daji, kimiyyar ruwa, duk ƙofofi ne. A digiri na biyu ne ake tsayawa wuri guda. Ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake da filayen gwajin taki tun 1950. Ga Cibiyar Noman Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero a Kano. Shirin WASCAL na nazarin sauyin yanayi da amfani da ƙasa, wanda Jamus ke tallafa wa, yana ɗaukar ɗaliban Afirka ta Yamma a jami'o'i irin na Minna da Kumasi. Shawarata ita ce ka zaɓi malami kafin ka zaɓi jami'a. Karanta abin da ya wallafa, ka duba ko yana shiga karkara da ƙafarsa.

Ka koyi aiki da hotunan tauraron ɗan'adam tun kana aji uku, kada ka jira a koya maka. Tauraron Landsat yana ɗaukar hoton duniya tun 1972, kuma tun 2008 kyauta ake saukewa. Tauraron Sentinel-2 ya fi shi gani, kowane ɗigo na hotonsa faɗin mita 10 ne maimakon 30, sai dai daga 2015 ya fara. Manhajar QGIS ta aikin taswira ma kyauta ce, ƙaramar kwamfuta ta wadatar.

Amma hoto kaɗai yana iya ɓatar da kai, kuma nan nake son in daɗe. An yi shekaru ana rubuta cewa itatuwa suna ƙarewa a kudancin Nijar. Ashe tun wajen 1983, lokacin da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostireliya, ya fara aiki da manoman Maraɗi, mutane sun koma barin tohon kututture a gona suna yi masa aski, abin da suke kira sassabin zamani. Sai da masu bincike Chris Reij da Gray Tappan suka haɗa tsofaffin hotunan jirgin sama da yawo a ƙasa, sannan aka gane cewa kimanin hekta miliyan 5 ta sake yin itatuwa a Maraɗi da Damagaram. Gawo guda ba ya cika ɗigo ɗaya na hoton Landsat. Ga shi kuma da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, don haka mai ƙirga itatuwan gona hoton rani zai nema, bayan an kwashe amfani. Manomi ya san halin gawo tun yana yaro. A Kano ma masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi shekaru yana nuna cewa gonakin kewayen birni, da ake nomawa kowace shekara, ba su mutu ba, saboda takin gida da dabbobi da itatuwan da ake bari.

To, in za ka shiga ƙauye, fara da gidan dagaci ko mai unguwa. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka bayyana a fili cewa ba gwamnati ce ta aiko ka auna gonaki ba, don mutane suna da dalilin tsoron baƙo mai igiyar awo. Sannan ka nemi dattijai. "Baba, da kana saurayi me ke wannan wuri? Wace shekara aka sare shi? Yaushe wuta-wuta ta fara fitowa?" Ka tambayi mata masu itace nisan da suke yi yanzu, ka je ruga ka ji inda burtali ya bi a da. Ɗaliba mace ta fi mu sa'a a nan, don tana shiga cikin gida.

Wajen ɗibar ƙasa, nemi filaye biyu maƙwabta masu ƙasa iri ɗaya, ɗaya an nome, ɗaya ba a taɓa ba. Kada ka kwatanta jigawa da fadama ka ce noma ne ya kawo bambancin. Ɗebi daga sama zuwa zurfin santimita 20 a wurare da dama, ka gauraya, ka shanya a inuwa, ka tankaɗe. Auna nauyin ƙasar gwargwadon girmanta, domin nomammiyar ƙasa takan danƙare, kuma in ka tsallake wannan awo lissafin sinadarin kabon zai karkace. Kuɗin ɗakin gwaji ne ke cinye rabin guzurin ɗalibi, saboda haka ka tambayi farashi kafin ka yanke yawan samfur.

Mai son ruwa ya dubi dausayin Haɗeja da Nguru. Bayan madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar shekara ta sauya hali, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman fadama da makiyaya suka shiga wani hali. Akwai aikin digiri da yawa a can da ke jiran mai yi.

Batun abin yi bayan karatu kuwa, akwai koyarwa a jami'a, akwai cibiyoyin binciken noma na duniya ICRISAT da IITA da ke da ofisoshi a Kano, akwai cibiyar nazarin yanayi da ruwa da noma ta AGRHYMET a Yamai, da shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa. Ka sa kanka koyon Faransanci ko da na karatu ne kawai. Rahotanni da dama a kan gonakin Nijar da shi aka rubuta su, kuma ƙasar Katsina da ta Maraɗi iri ɗaya ce.